Fitilun Garejin Baba

Litinin, bayan la'asar

Na auna garejin Baba yau. Rumfa ce mai zurfi, kwano a sama, ba taga, ƙofa ɗaya ta gabas. A ƙurya, inda teburinshi yake, ko da rana tsaka sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka bambanta buji, wato fulogin inji, da ƙusa. Ampul guda, ƙwan fitila, ke rataye, hayaƙi ya mai da shi launin shayi.

Tun da aka rufe gadar kan iyaka mutane suka koma ƙetare kogi zuwa Gaya ta ruwa, injin kwale-kwale bai yankewa a wurin. Ga masu albasa kuma sun fara kawo injinan ban ruwa. Aiki ya yi yawa, Baba kuwa maganarshi guda ce kullum: "Duhu ya yi yawa wurin ga. Rachidi, zo duba mani lambar ga." Sai ƙanena Rachidi ya ajiye abin da yake yi, ya zo ya karanta mashi.

'Yan watanni ke nan da na bar gidan rediyo a Kwatano, muka dawo Malanville da matata Zuhura. Ban iya kwance inji ba. Ni aka kai makaranta, Rachidi aka riƙe a gareji. Amma duhu abu ne da ake iya karantawa a gane maganinshi. Zan sa wa Baba fitilu, irin waɗanda zai karanta lambarshi da kanshi ba sai ya kira kowa ba. Abu ɗaya nake so ya karɓa daga hannuna.

Talata, da hantsi

Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mani magana ba. In yana so in ji abu, sai ya faɗa wa iska: "A ce ma mutumen Kwatano a rufe ƙofa." In ya shigo zaure, ni in fita. Ba mu cin abinci wuri ɗaya. A hannun Gwaggo Salamatu na girma, a Guéné, kamar yadda ake yi.

Na san kunya ce. Na taɓa yin shiri guda a rediyo a kan al'adar, na gayyato malamai biyu, na yi bayani da murya mai sanyi cewa ba ƙiyayya ba ce, so ne da ya yi nauyin da ba a iya nunawa. Masu sauraro sun yaba.

Yau da asuba na fito na gan su za su masallaci, hannun Baba a kan kafaɗar Rachidi. Na rubuta ne kawai don haka ya faru.

Laraba, bayan azahar

Tunda ba ni da hanyar faɗa wa Baba da bakina, sai na bi ta Rachidi. Na same shi a ƙofar gareji yana wanke karbirato cikin kwano.

Ya ce, "Yaya, bar wurin ga yadda yake."

"Don mi?"

"Tsoho ya saba."

"Shi da ke kukan duhu kullum?"

"Kai ma kullum kana kukan zahin Malanville. An ce za a sa ka cikin firigo ka sha sanyi?"

Masu jiran aiki suka yi dariya. Rachidi yana da wannan baiwar, kowace magana ya mai da ita abin dariya, ya bar ka tsaye da hujjarka a hannu. Na ce mashi ba aljihunshi zan taɓa ba. Ya ɗago kai, ba dariya a fuskarshi wannan karon, ya ce, "Na roƙe ka, Yaya Awal." Ya koma kan kwanonshi.

Me zai rasa in an sa fitila? Na yi tunani, amsa ɗaya na samu: za a daina kiranshi.

Alhamis, da yamma

Na bi ta wata ƙofa. Alhaji Karimu na Garou abokin Baba ne tun suna samari, manomin albasa, duk sati yana zuwa ko da inji ko ba inji. Na tare shi a hanya na yi mashi bayani. Ya ji daɗi ƙwarai.

Yana shiga Rachidi ya ɗaga murya: "Baba, ga Alhaji Karimu da sabuwar hula ja, albasa ta yi kasuwa!" Haka yake yi wa kowa. Mutum bai shiga garejin nan sai Rachidi ya yi shelarshi kamar maroƙi, da sunanshi da rigarshi da abin da ya riƙo. Baba yana son abin.

Alhaji ya zauna ya ce, "Hambali, ɗanka na son ya hidda ka daga ramin ga. Kai da ɓera ba a san wa ya riga wani shiga ba."

Baba ya ce, "Ɓeran ya fi ka sanin inji."

"Ba inji muke ba, fitila muke. A sa ko kar a sa?"

Ina tsaye a waje, jikin kwano. Baba ya ce, "In ya ga dama."

Na ɗauke ta a matsayin i. Rachidi ya fito ya wuce ni bai dube ni ba.

Asabar, da safe

Tun daga ƙofar gida har gareji Baba da Rachidi suna dariya su biyu. Ban ji abin dariyar ba.

Litinin, da azahar

Na wuni shagon Latifu mai kayan wuta, bayan babbar kasuwa. Ya fito da wata fitila mai haske shuɗi-shuɗi ya ce ita kowa ke saye, tana haska wuri kamar filin ƙwallo. Na ce a'a. Irin wannan tana gajiyar da ido, kuma in ta sauka kan ƙarfe mai maiƙo sai ta dawo maka a fuska. Mai ruwan ɗorawa kuma tana ɓoye launin waya, ba ka gane ja da ruwan ƙasa. Ta tsakiya nake so, fara mai taushi, wadda aka rubuta dubu huɗu a jikin kwalinta.

Dogaye na zaɓa, na LED, masu murfi don kada tururin fetur da datti su shiga. Jeri biyu za a yi, dama da hagun tebur, ba guda a tsakiya ba. In fitila tana bisa kan mutum daidai, inuwar kanshi ce ke faɗawa kan aikinshi. Kowane jeri da makunninshi. Ƙarama guda mai maganaɗisu, wadda za a liƙa a jikin inji a leƙa ciki. A bakin ƙofa ampul mai ruwan ɗorawa, don ƙwarin kogi da na gonakin shinkafa farin haske suke bi, kuma ba a son su faɗa cikin injin da aka buɗe. Sai batiri da pano ƙarami, farantin hasken rana, a kan kwano, saboda in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Bango kuma a shafe shi fari, rabin haske daga bango yake dawowa.

Latifu ya ce, "Ɗan jarida, ko surukina bai yi mani tambayoyin da kake yi wa fitilar ga ba."

Na ji daɗin yau. Ba wanda ya katse ni da wasa.

Talata, bayan magariba

Na shimfiɗa kayan a ɗaki ina nuna wa Zuhura. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ka taɓa zama ka kalli Baba yana cin tuwo?"

"Kin san ba ni zama."

"To."

"To mi?"

"Ba komi. Ni dai da ka saurari ƙanenka."

Na ce ashe ita ma ya saye ta da dariya. Ta ce ba don Baba nake sayen fitilun nan ba, ta kuma faɗi sunan abin da take gani yana damuna. Kalma ɗaya ce. Ba zan rubuta ta ba, don ba daidai ba ce.

Laraba, da hantsi

Wani ya kawo injin kwale-kwale mai tari. Baba ya sa aka tada shi, ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya karkata kai, ya faɗi ciwon. Rachidi ya buɗe, haka ne. Baba ya ce, "Hannunka ya hwaɗa maka tun kafin ni, ja'iri, kana dai jira in hwaɗa." Ya ja kunnenshi.

Rachidi fa, mutum mai 'ya'ya biyu, ake ja wa kunne. Na rubuta ne kawai don haka ya faru.

Alhamis, da yamma

Gobe bayan Juma'a Rachidi zai tafi Madécali haɗa wa wata ƙungiyar manoma injin ban ruwa, sai jibi da yamma zai dawo. Gareji a rufe yake ranar Juma'a da rana. Na kira Latifu.

Ban zaɓi ranar saboda tafiyarshi ba. Ranar ce Latifu ke da sarari. Yana da sarari ranar Lahadi ma, gaskiya ne.

Juma'a, bayan isha'i

An gama. Mun bi da waya cikin bututu a jikin katakon rufi, mun ɗaure fitilun da sarƙa gajera don zafin kwano kada ya cinye su. Na shafe bango da kaina.

Teburin Baba sai da na kwashe shi kaf kafin a yi fenti. Ban taɓa ganin hargitsi irin nashi ba: kile, wato sifana, babba a gefen ƙarami, filaya cikin gwangwani, guduma a ƙarƙashin tsumma, buji cikin murfin kwalba. Na kafa allo a bango, na buga ƙusoshi, na rataye komai bi da bi daga ƙarami zuwa babba, na zana siffar kowane a bayanshi. Tebur ya fito fes.

Latifu ya danna makunni. Babu inuwa a kan teburin ko ta ina ka tsaya. Na ɗauki wata buji na karanta lambarta ban sunkuya ba.

Na aika wa Alhaji Karimu ya zo gobe bayan la'asar, ya zo da wanda ya ga dama.

Asabar, bayan magariba

An kunna.

Lahadi, da rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Jiya Baba bai fita gareji da safe ba, ya ce sai Rachidi ya dawo. Alhaji Karimu ne ya je har zaure ya fito da shi bayan la'asar. Garejin yana fuskantar gidanmu, hanya ce kawai za a ƙetare. Suka taho Alhaji yana riƙe da hannunshi yana zolaya, kamar yadda tsofaffin abokai ke yi. Mutane sun kai goma a ciki: masu kwale-kwale biyu, wasu daga Garou, Latifu, maƙwabta. Na riga na kunna duka jeri biyun tun kafin su iso. Ciki ya yi daidai da waje, kamar an ɗage rufin.

Baba ya shiga, ya bi hanyar da ya saba har kujerarshi, ya zauna. Kowa yana jiran abin da zai ce. Ni ina bakin ƙofa.

Ya gyara zama ya ce, "To, a kunna mu gani."

Ba wanda ya motsa. Latifu ya dubi fitilun, ya dube ni.

Alhaji Karimu ya yi dariya da ƙarfi fiye da kima, ya ce, "Kai Hambali, wulaƙanci! Duk hasken ga bai ishe ka ba, sai an kawo maka rana cikin buhu?"

Baba ya gane. Na ga lokacin da ya gane, a wuyanshi. Ya yi murmushi ya ce wasa yake, ai sun yi kyau, sun yi kyau ƙwarai. Kuma don ya nuna wasa ne, ya ce wa ɗaya daga masu kwale-kwalen ya matso da injinshi a duba. Ya miƙa hannun dama inda kile yake zama.

Babu komai a wurin. Ya shafa katako. Ya matsa hagu inda gwangwanin filaya yake, babu. Hannun ya riƙa yawo a kan farin tebur, a ƙarƙashin hasken da ba ya barin inuwa, kowa yana kallo. Kilen da yake nema yana rataye a allo, a gaban fuskarshi daidai.

Alhaji ya tashi ya ce lokacin salla ya gabato, kowa ya tafi. Lokacin salla bai gabato ba.

Litinin, da safe

Rachidi ya dawo shekaranjiya da magariba, labari ya riga ya tare shi a hanya. Bai neme ni ba sai yau. Ya same ni a bayan gida.

"Ka huta?"

"Da ka faɗa mani."

"Ya sa na rantse. Ya ce kowa ya ji, ban da kai."

"Ban da ni."

"Yaya, kai ɗan fari ne. Ta ina zai ce maka ya makance? Ta iska?"

Ya ce tun bara ne. Da suka ce za su Paraku sayen kayan inji, wurin likitan ido suka je. Abin da likita ya faɗa, ya faɗa mani, ba zan sa shi a nan ba. Tun daga lokacin Rachidi ke ajiye kowane ƙarfe inda hannun Baba zai same shi, yana kiran sunan duk mai shigowa, yana karanta lamba. Masu kawo aiki sun san tsohon yana da kunne da hannu, kuma sun san wurin da duhu. Ya ishe su.

"Duhun ga shi ne rigarshi," in ji Rachidi. "Kai ka zo ka tuɓe mashi ita gaban mutane, ka kuma gayyato 'yan kallo."

Ya kamata in ji abu ɗaya a lokacin, kuma na ji shi. Amma a ƙarƙashinshi akwai wani: shekara guda suna da magana su biyu. Sun shiga mota tare, sun kwana a Paraku, sun dawo da ita, sun ci gaba da dariya.

Laraba, da hantsi

Mai kwale-kwalen nan ya zo ya ɗauki injinshi ba a gyara ba. Ya ce ɗan'uwanshi ne zai duba mashi. Wani ma ya zo bayanshi.

Baba bai fito ba.

Alhamis

Baba bai fito ba.

Juma'a, bayan la'asar

Bayan an sauko daga masallaci Baba ya sa aka kira liman da Alhaji Karimu zaure. Ni ina daga soro na ciki, inda ake ji. Ya ce idonshi ya tafi, ba sauran abin ɓoyewa. Ya ce daga yau garejin na Rachidi ne, da kayan aiki da suna, duk mai inji ya je wurinshi, wanda bai yarda da hannun yaron ba bai yarda da nashi ba. Liman ya yi addu'a.

Alhaji, Allah ya saka mashi, ya ce, "To fitilun fa, Hambali? Ba ka ce komi ba."

Baba ya ce, "An ce sun yi kyau."

Lahadi, da yamma

Rachidi bai cire ko ɗaya ba. Allon ma ya bar shi. Jiya na ji yana ce wa wani, "Shigo ka gani da idonka, nan ba a ɓoye ma mutum ciwon injinshi." Masu kwale-kwalen biyu sun dawo da injinansu. A tasha an fara cewa garejin Rachidi mai haske.

Ƙaramar fitilar nan mai maganaɗisu ita ya fi so. Ya ce wa Zuhura ta gaya mani.

Talata, bayan azahar

Aiki ya riƙe Rachidi, don haka ni ke kai Baba masallaci da rana yanzu. Ba wanda ya tsara, haka ya faɗo. Ranar farko na matso kusa da shi na tsaya. Ya ce wa iska, "A miƙo sandar can." Ya kama kai ɗaya, na kama ɗaya. Haka muke tafiya, ni a gaba, sanda a tsakani. In akwai rami sai in ce, "Akwai rami," kamar mai karanta sanarwa.

In mun dawo yana zama a kan tabarma a ƙofar gida, fuska wajen gareji. Ni ina zama a kan dakali, nesa kaɗan. Da can da na tashi. Yanzu ba a barin shi shi kaɗai, kuma kowa ya yi kamar bai lura ina zaune ba, har shi.

Alhamis, bayan la'asar

Rachidi yana gwada wani injin ban ruwa a ƙofar gareji. Baba ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe.

Ya ce, "A ce ma Rachidi iska ta yi ma injin ga yawa. Shi rage kaɗan."

Na miƙe. Ya ɗaga hannu, na tsaya.

"A kuma ce mashi, ni a shekarunshi ban kai shi ba. Na daɗe da sani, ban hwaɗa ba, don ba a yabon yaro gabanshi. Amma yanzu ban san ranar da za ni ba, kuma ba ni so shi yi ta aiki shina jiran magana daga wurina wadda ba ta zo ba. A ce mashi na yarda da shi. A hwaɗa mashi haka, kada a rage."

Na ƙetare hanya. Rachidi yana durƙushe, baƙin mai har gwiwar hannu. Na ce, "Baba ya ce iska ta yi yawa, ka rage kaɗan."

Ya yi dariya. "Daga can ya ji? Tsohon ga!" Ya juya ƙusar iska, injin ya daidaita. Ya ɗago. "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Na dawo na zauna a dakali. Baba ya ce, "An hwaɗa mashi?"

"An faɗa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce ya ji."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da fuskantar garejin, yana jira ko yaron zai ƙetaro. Bai ƙetaro ba, wani inji aka kawo mashi.

Duk shekarun da na yi a aikin jarida ban taɓa rage maganar mutum ba. Gobe da asuba hannun Baba zai hau kafaɗar Rachidi, ɗayansu zai yi tambaya, abin zai fito. Na sani. Amma ita ce magana mafi tsawo da Baba ya taɓa yi ina kaɗai a wurin, kuma daga nan zuwa asuba ba wanda ke da ita sai ni.